Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, Mayaƙin da Ya Zama Mashawarci

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, duk wanda ya bi ta Achida za shi Wurno ziyarar kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kamata ya tuna da mutumin da ya tsaya a damansa shekara ashirin, watau Waziri Giɗaɗo ɗan Laima.

Sunansa na yanka Usmanu. Yana cikin jama'ar Shehu ɗan Fodiyo tun zamanin hijira zuwa Gudu a 1804, ya sha wuyar shekarun jihadi, da yunwa da rashin 'yan'uwa, har Allah ya buɗe Alƙalawa a 1808. Aminin Bello ne na ƙut da ƙut, kuma shi ne mijin Nana Asma'u 'yar Shehu.

Da Shehu ya yi wafati a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai ya jawo Giɗaɗo ya ɗora masa nauyin shawara. An ruwaito cewa bayan yaƙin Kalambaina, da Malam Abdullahi na Gwandu ya sasanta da Bello, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Giɗaɗo, alamar ya sallama masa waziranci.

To, cin gari daban, riƙonsa daban. Wanda ya ga gawa a fagen fama ya san tsadar yaƙi, ba ya gaggawar kai Sarki gare shi. Aikin Waziri shi ne wasiƙu da manzanni, da sasanta sarakuna, da duba al'amuran Kano da Zazzau da sauran ƙasashen gabas. Ku fatake kun fi kowa sanin amfanin wannan, gama ayari ba ya tafiya sai hanya ta yi lafiya. Shi ne kuma ya sauki Baturen Ingila, Kilafaton, a Sakkwato a 1824, ya riƙe shi riƙon baƙo, bai kuwa saki amanar ubangidansa ba. Duk da haka bai rataye takobi ba: a 1826 Baturen nan ya gan shi cikin rundunar Bello ana fama da Gobirawa.

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Giɗaɗo ya ci gaba da aiki zamanin Sarkin Musulmi Atiku. A 1842, da Aliyu Babba ya hau, ya sauka, ɗansa Abdulƙadir ya gaje shi. Ya koma ga alƙalami. Littafinsa Raudul Jinani, a kan karamomin Shehu da jama'arsa, har yau masu neman tarihi na sha daga gare shi. Ya rasu a 1851. Waziranci bai bar gidansa ba. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, daga zuriyarsa yake.

Abin lura a nan, jama'a, jaruntaka kaɗai ba ta sa mutum ya cancanci zama kusa da mai mulki. Sai an haɗa ta da ilmi da amana, da sanin ranar da ya kamata a miƙa wa na baya. Allah ya jiƙan magabata, ya ba shugabanninmu mashawarta na gari. Amin. Wasalam.