Ɗan Zaki Da Ɗan Damisa A Hannun Mutane: Ko Sa Iya Koma Dawa?

Tun zamanin da, in maharbi ya kashe zakanya ko damisa ya tarar da 'ya'yanta a kogon dutse ko cikin duhuwa, ya kan sa su a burgami ya kai wa Hakimi ko Sarki a kan gaisuwa. Yanzu da namun dawa suka ƙaranta, irin wannan kyauta ba ta faye fitowa daga hannun maharbi ba, sai daga hannun 'yan kasuwa masu sayar wa masu hannu da shuni. A cikin watan Nuwamba na 2019 an sami zaki a wani gida cikin Ikko, daura da makarantar ƙananan yara, sai da hukuma ta sa aka yi masa allurar barci aka ɗauke shi. Abin da ya auku a Ikko babu abin da zai hana shi aukuwa a Unguwar Rimi ko Malali cikin Kaduna, ko kuwa a gidan wani attajiri a ƙasar ko wane Hakimi.

Duk sa'ad da aka karɓe irin wannan dabba, maganar da jama'a su ke yi ɗaya ce, watau a mai da ita daji. Magana ce mai daɗin faɗi. An rubuta wannan 'yar takarda domin Hakimai da malamansu su san abin da ya sa cika ta ke da wuya, su kuma san abin da ya wajaba a kansu tun daga ranar farko.

Abin da uwa ke koya wa ɗanta

Zakanya ta kan ɗauki ciki wajen kwana 110. In ta haihu, sai ta ɓoye 'ya'yanta nesa da sauran zakoki har kamar mako 6, ta riƙa barinsu su kaɗai in za ta farauta, wani lokaci yini da kwana. Saboda haka yawancin 'ya'yan da a ke cewa an tsinta ba marayu ba ne, uwarsu ta tafi neman abinci ne kurum. Haka damisa ma ta ke yi.

Ɗan zaki ba ya fara bin manya wurin farauta sai ya kusa shekara, ba ya kuwa iya riƙe kansa sai ya kai wajen shekara 2. A cikin wannan tsakani ne ya ke koyon yadda a ke sanɗa ta inda iska ba za ta kai warinsa ga gwanki ba, da yadda a ke kama ɓauna ba tare da an sha ƙaho ba, da inda iyakar ƙasar wasu zakoki ta ke. Babban abin da ya ke koya kuwa shi ne tsoron ɗan Adam. Wanda aka shayar da hannu, yara suka yi wasa da shi a tsakar gida, ya rasa wannan tsoro, ba kuwa ya dawowa. In aka sake shi, yunwa ta kama shi, inda ya ji muryar mutane can zai nufa, gama nan ya saba samun abinci. Ya kan fara da awaki, kana shanu, daga nan sai abin da Allah ya kiyaye. Kada kuma wasan da ya ke yi da mutane ya ruɗi kowa. Gardi ya san kurarsa sarai, amma ba ya cire mata takunkumi a kasuwa, Bahaushe kuwa bai yi wa damisa kirari da ƙi-sabo a banza ba.

Waɗanda suka gwada

A ran 1 ga Fabrairu 1956 wani Baturen daji a ƙasar Kenya mai suna George Adamson ya harbe zakanyar da ta taso masa, daga baya ya gane 'ya'ya 3 ta ke karewa. Aka aika da biyu gidan namun daji na Rotterdam a ƙasar Holan, shi da matarsa Joy suka riƙe ƙaramar, suka sa mata suna Elsa. Da ta girma suka kai ta dajin Meru, suka yi watanni suna koya mata farauta, har ta iya, ta sami namiji a dawa ta haifi 'ya'ya 3. Littafin da Joy ta rubuta a kanta, Born Free, ya fito a 1960, ya zaga duniya, shi ne kuwa ya sa mutane da yawa su ke tsammanin abin mai sauƙi ne.

Sauran labarin ne ba a faye ba da shi ba. Elsa ta mutu a watan Janairu na 1961 da ciwon da kaska ke kawowa, shekarunta 5 kacal. 'Ya'yanta suka shiga kama awakin mutanen ƙauye, tilas aka kama su aka kai su dajin Serengeti, daga baya aka rasa labarinsu. A 1971 wani zaki da Adamson ke koya wa zaman dawa ya kashe ɗaya daga cikin ma'aikatansa, ya zama dole ya harbe shi da hannunsa. Wannan kuwa mutum ne da ya ƙare rayuwarsa cikin zakoki.

Hanyar da ta fi dacewa an gan ta a gabashin Rasha. A 2012 maharba suka tsinci wata marainiyar damisa, irin babbar nan mai ratsi-ratsi, yunwa da sanyi sun kusa kashe ta. Aka sa ta a babban shinge cikin daji, ba ta ganin mai ba ta abinci, ba ta jin maganarsa, a kan saka mata naman dawa da rai ta kama da kanta. A watan Mayu na 2013 aka ɗaura mata abin wuya mai nuna inda ta ke, aka sake ta a gandun dajin Bastak. A ƙarshen 2015 kyamarar da aka ɗaure a jikin itace ta ɗauko ta da 'ya'ya 2. Abin lura a nan shi ne, a dawa aka haife ta, ta yi watanni tare da uwarta, ba wanda ya taɓa yin wasa da ita.

Ina za a sake shi?

Ko da an sami dabbar da ta cancanta, sai an sami dajin da zai ɗauke ta. Daga Kaduna Gwamnatin Jihar Arewa ta da ta amince da keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauci cikin 1956, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba 1962, a Kaduna kuma aka kafa Dokar Namun Daji ta 1963. Ba don wannan hangen nesa ba, da wataƙila ba sauran zaki ko ɗaya a Nijeriya. Duk da haka, binciken da masana suka buga a 2014 ya nuna zakokin Afirka ta Yamma duka ba su wuce kamar 400 ba, a wurare 4 kaɗai: ɗaya a Senegal, ɗaya a mahaɗar Binin da Burkina Faso da Nijar, sai dajin Kainji mai kamar 30, da Yankari da ba su kai 5 ba a lokacin. Abin da ya cinye su shi ne ƙarewar gwanki da kanki da mariya a hannun masu farautar sata, da gubar da a ke zubawa a mushen saniya don ramuwa. Zakin da aka saki inda waɗannan ba su kau ba, an kai shi ga ajalinsa ne. Gandun Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda Gwamnatin Tarayya ta karɓa a 1999, shi ne mafi kusa da Kaduna, amma 'yan fashin daji sun daɗe suna addabar wannan yanki, dajin da mai gadi ba ya iya shiga kuwa ba wurin sakin zaki ba ne.

Akwai kuma maganar iri. Masana sun tabbatar zakin Afirka ta Yamma ya fi kusa da zakin ƙasar Indiya bisa ga na Kenya ko Afirka ta Kudu. Zakin da aka saya a hannun ɗan kasuwa ba a san asalinsa ba, in ya haɗu da na Yankari zai gurɓata ɗan abin da ya rage, ya yiwu kuma ya kai musu cuta. Ƙasar Ruwanda da ta so mai da zakoki dajin Akagera ba ta nemi na gida ba. Sai da ta kafa shinge tsakanin daji da makiyaya, ta tsananta gadi, sa'an nan a 2015 ta kawo zakokin dawa 7 daga Afirka ta Kudu. Cikin shekara 10 sun haura 50.

Aikin Hakimi da malaminsa

In labari ya zo cewa an ga 'ya'yan damisa ko na zaki, abu na fari Hakimi ya umarci Dagaci da Sarkin Baka su hana kowa taɓa su, a janye yara da karnuka da dabbobi daga wurin, a aika wa malamin daji nan da nan. In an riga an ɗauko su amma ba su wuce kwana ɗaya ko biyu a hannu ba, akwai sauran dama. A gonakin rake na jihar Maharashtra a Indiya, ma'aikatan daji su kan sa ɗan damisa a akwati su ajiye shi da magariba daidai inda aka same shi, uwar ta zo da dare ta ɗauke abinta. Ta haka an mai da fiye da 100 ga iyayensu.

Malamin Hakimi ya rubuta ranar da aka sami dabbar, da wurin, da sunan wanda ya same ta, ko an kashe uwar ko ba a kashe ba, kwana nawa ta yi a hannu, da abin da aka ba ta. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin nonon saniya da tsokar nama marar ƙashi su kan tanƙwara ƙafafun ɗan zaki, likitan dabbobi kuwa ba zai san maganin da zai yi ba sai ya san abin da aka ciyar da shi. Kada Hakimi ya karɓi irin wannan gaisuwa don kansa, kada kuma ya ba mai kawowa tukuici, gama tukuicin yau shi zai sa gobe a kashe wata uwar. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana kama irin waɗannan dabbobi da cinikinsu, a 2016 ta ƙara nauyin tararta.

Wanda ya riga ya saba da mutane kuwa, ba shi da sauran wuri sai gidan namun daji mai likita da ƙaƙƙarfan keji, kamar na Kano ko na Jos. Nan ma ɗawainiya ce babba: zaki a tsare ya kan kai shekara 20, yana cin nama kilo 5 zuwa 7 ko wace rana, in kuwa ya kuɓuce, kamar yadda wani ya yi a Jos a watan Disamba na 2015, harsashi ne ƙarshensa. Saboda haka kafin a ɗauke dabbar daga ƙasar Hakimi, malami ya tabbata an rubuta masa sunan wurin da za a kai ta da na ma'aikacin da ya karɓa, ya ajiye kwafi a ofis, ya aika da ɗaya fadar Sarki.