Dattijon da ya yi shiru a bakin Komadugu

Kafin 2015, mutuncin dattijo a kwarin Komadugu yana rataye ne da gonarsa ta tattasai. Da ita yake aurar da 'ya'ya, ya fid da zakka, ya sallami baƙo. Da Boko Haram ta far wa Diffa da Bosso ranar 6 ga Fabrairun 2015, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawa babur da cinikin tattasai da na kifi, a watan Mayu kuma aka kwashe mutanen tsibiran Tafkin Cadi. Saurayi ya samu dako a kasuwa. Mai shekara 70 fa? Sai zaman bukka a gefen kwalta ko a sansanin Sayam Forage, yana jiran rabon abinci, shi da a da ake ci a ƙofar gidansa.

Irin wannan hali na iya sa tsoho ya fid da rai da rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, rahotonta na 2014 kuma ya nuna a kusan kowane yanki abin ya fi shafar 'yan shekara 70 zuwa sama. Kaɗaici, ciwo mai jinkirin warkewa, rasuwar abokin zama da jin an zama kaya ga iyali su ne kan gaba cikin dalilan.

A wurinmu ba a zancen. Addini ya haramta, haramcin kuwa garkuwa ne babba. Amma tsohon da ya daina fitowa masallaci, ya rage cin abinci, yake yawan cewa shi dai ya gaji, bai kamata a bi shi da "ka yi haƙuri, Baba" kawai ba. Sau da yawa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

A 2021 an soma mayar da 'yan gudun hijira ƙauyukansu, irin su Baroua. Komawar ba ta cika sai dattijo ya samu gonarsa, an kuma koma neman shawararsa. Tun 2006 Nijar ta sa magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Tsofaffi ma sun cancanci haka. A koya wa ma'aikatan jinya da limamai gane alamun, a tsaurara dokar maganin ƙwari mai tsananin guba, matakin da ya rage yawan masu kashe kansu ƙwarai a Siri Lanka.

Mai karatu, in akwai tsoho a gidanku da ya yi shiru, zauna kusa da shi yau ka tambaye shi abin da ke ransa, ka kuma raka shi asibiti.