Injin Sassabe Na Bayan Tarakta: Ku Auna Kafin Ku Saya

'Yan'uwa manoma, da zarar ruwa ya ɗauke, gamba ta riga ta fi mutum tsawo, tofa ta rufe hanyar gona, lambun mangwaro da na lemo kuwa sun zama jeji. Tun da daɗewa maganinmu biyu ne, ko adda ko ashana. Adda tana cin ƙarfi da kuɗin ƙwadago. Wuta kuwa ba ta san iyakar gona ba, takan cinye ciyawar da za ta ruɓe ta zama taki, wani lokaci har da amfanin maƙwabci. Saboda haka ƙungiyoyin gama kai masu ƙaramar tarakta sukan tambaye mu game da injin sassabe, wanda direbobi ke kira silasha. Kuɗin da za ku sa a ciki gumin membobi ne, don haka bari mu bi maganar daki-daki.

Yadda injin yake

Silasha faffaɗan akwatin ƙarfe ne da ake ratayawa a hannuwa uku na bayan tarakta. A ƙarƙashinsa akwai wuƙaƙe biyu masu kauri, kowacce a kan ƙusa guda, yadda in ta bugi dutse za ta kauce baya. Sandar juyi ta bayan tarakta, wadda makanikai ke kira PTO, ita ce ke juya akwatin giya da ke bisa injin, shi kuma ya juya wuƙaƙen. A baya akwai ƙaramar taya mai riƙe tsayin yanka. Wuƙaƙen ba kaifi ne ƙarfinsu ba, gudu ne. Bakinsu yana gudun da ya wuce mil 100 a awa, yana farfasa ciyawa da ƙananan itatuwa.

Auna ƙarfin tarakta

Abin da ya kamata ku fara sani shi ne ƙarfin doki nawa taraktarku take bayarwa a sandar juyi. Lambar da mai sayarwa yake faɗa muku ta inji ce. Kafin ƙarfin ya iso sandar baya yakan ragu da misalin kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Ƙa'idar da masu aikin nan suke bi ita ce doki 5 a sandar juyi domin kowace ƙafa ɗaya ta faɗin yanka.

Ga misali. Tarakta mai doki 25 a inji tana da wajen 20 a sandar juyi, ƙafa 4 ce daidai da ita. Mai doki 30 zuwa 35 za ta ja ƙafa 5. Tsohuwar Massey Ferguson 135, wadda injinta ke da doki wajen 45, za ta ja ƙafa 6 ba wahala. In filinku gamba ce mai kauri da ɗanyen sabara, ku rage ƙafa ɗaya daga lissafin, gama ciyawa mai nauyi ta fi cin ƙarfi.

Kada ku ce tun da kuɗin ya isa bari mu sayi babba. Silashar da ta fi ƙarfin tarakta takan sa inji ya riƙa nishi, ya yi zafi, direba ya koma giya ta ɗaya, man da za a ƙone kuwa ya ƙaru. Haka kuma ƙaramar silasha ba ta dace da babbar tarakta ba. A jikin akwatin giya an rubuta iyakar dokin da zai ɗauka. In an rubuta 40 kuka ɗaura shi a Massey Ferguson 375 mai doki wajen 75, ranar da wuƙa ta gamu da kututture haƙoran giya ne za su biya.

Faɗi, nauyi da kauri

Ku ɗauki awo ku auna bayan tarakta daga wajen taya zuwa wajen taya. Ya kamata faɗin silasha ya kai wannan awon ko ya ɗan wuce. In ya kasa, taya za ta kwantar da ciyawar da wuƙa ba ta kai gare ta ba, kashegari ta miƙe.

Nauyi shi ne na biyu. Silasha mai ƙafa 5 takan kai kilo 200 zuwa 300, tana kuwa rataye can nesa a baya. Sa'ad da aka ɗaga ta, gaban ƙaramar tarakta yakan yi sauƙi har sitiyari ya ƙi ji. Ya kamata aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ya zauna a kan tayoyin gaba. In bai kai ba, a rataya ƙarafan nauyi a gaba.

Na uku, ku tambayi kaurin itacen da aka yi ta domin ta yanka. Mai sauƙi iyakarta inci 1, matsakaiciya inci 2. Abin da ya wuce haka aikin gatari ne. Ku kuma duba ƙusoshin ratayawa. Na ƙananan taraktoci, wato aji na 1, kaurinsu kashi 7 cikin 8 na inci ne, na aji na 2 kuwa inci 1 da kashi 1 cikin 8. Ku tafi kanti da awon naku a rubuce.

Ƙusar da aka yi domin ta karye

Tsakanin sandar juyi da akwatin giya akwai abin tsaro. A wasu injuna ƙusa ce mai laushi, wadda takan karye in wuƙa ta bugi abu mai ƙarfi. A wasu kuwa kuloci ne mai zamewa. In ƙusar nan ta karye, ta yi aikinta ke nan. Kada direba ya sa ta baƙin ƙarfe mai tauri, ko guntun rodi, don wai ya huta da canji. In ƙusa ta ƙi karyewa, abin da zai karye yana cikin akwatin giya ko cikin tarakta, kuɗinsa kuwa ya ninka nata sau da yawa. Ku sayi irinta goma ku ajiye a akwatin tarakta. In kuloci ne, yakan yi tsatsa ya manne bayan dogon zama. A farkon kowace kaka a sassauta notinsa, a bar shi ya zame na ɗan lokaci, sa'an nan a ɗaure shi yadda yake.

Kafin a shiga fili

Rigakafi ya fi magani. Kwana ɗaya kafin aiki mai gona ya bi filin da ƙafa, ya kwashe duwatsu da waya da igiya, ya kafa sanda mai tsumma a kan kowane kututture, suri da rami. Gonar da ke da manyan kunya ba wurin silasha ba ce sai an baje su, gama wuƙa za ta riƙa saran ƙasa.

Direba ya duba man giya, ya sa giris a gaɓoɓin sandar juyi da taya ta baya, ya tabbata notin wuƙaƙe a ɗaure suke. A wuri mai shimfiɗa ya daidaita injin yadda gabansa zai fi bayansa ƙasa da misalin inci 1. Ta haka wuƙa za ta yanki ciyawa sau ɗaya maimakon sau biyu. A filin da ba ku sani ba ku fara da tsayin inci 6 ko fiye.

Cikin aiki

A kama sandar juyi inji yana a hankali, sa'an nan a ƙara wuta har ta kai juyi 540 a minti. Yawancin taraktoci suna da alamar wannan a agogon inji. A bar wutar a nan. In ciyawa ta yi kauri, giya za a rage ko a ɗauki rabin faɗi, kada a rage wuta. Ƙaiƙayin ciyawa yakan toshe lagireto, don haka a tsaya a kakkaɓe shi, a kuma share abin da ya taru kusa da salansa, musamman da hunturu, domin gudun gobara. A gangare a bi sama da ƙasa, kada a ratsa ta gefe.

Ga lissafin aikin yini. Ku ninka faɗi a ƙafa da gudu a mil, ku raba da 10. Ƙafa 5 a gudun mil 3 a awa ta ba da eka ɗaya da rabi a awa, wato eka 9 cikin awa 6. Da wannan sakataren ƙungiya zai tsara layin membobi, ya kuma yanke kuɗin eka. Cikin kuɗin nan a ware na mai, na direba, da na sababbin wuƙaƙe, waɗanda ake canzawa biyu tare domin kada injin ya riƙa girgiza.

Ran mutum

Wannan ita ce babbar magana. Silasha tana iya jefa dutse nisan ƙafa 300. Mun san yadda yaranmu suke bin tarakta, wasu ma suna jiran ɓera ko zomo ya fito daga ciyawa. Ƙungiya ta sa babban mutum guda ya tsare bakin fili. In mutum ko dabba ta matso, direba ya tsaya. Kada a ɗauki kowa a kan tarakta, kada kuma a cire sarƙoƙi ko robar da ke tare bakin injin.

Juyi 540 a minti juyi 9 ne a daƙiƙa ɗaya. In sandar ta kama bakin riga ko rawani, ba wanda zai iya cire ta kafin ta naɗe shi. Direba ya sa kaya masu kama jiki, murfin roba na sandar ya zauna a wurinsa. Kafin ya sauka ya kashe sandar juyi, ya sauke injin ƙasa, ya kashe tarakta, ya cire makulli, ya jira wuƙaƙe su tsaya cik, gama sukan ci gaba da juyi bayan an kashe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin silasha a ɗage sai an tokare ta da kututture mai ƙarfi.

Abin da silasha ba za ta yi ba

Ba ta kashe tofa, gama saiwarta tana ƙarƙashin ƙasa, za ta sake tohowa. Ba ta tumɓuke kututture. Karan dawa da kuke bukata domin darni ko abincin shanu ku kwashe shi tukuna. Amma domin share lambu, bakin hanya, saura, da yanka hanyar tare wuta kewaye da gona kafin hunturu, tana yin aikin mutane da yawa, ta kuma bar ciyawar a ƙasa ta rufe ta daga rana da iska.

A taronku na gaba ku zo da lambobi huɗu a rubuce: dokin sandar juyi, faɗin bayan tarakta, kaurin ƙusoshin ratayawa, da yawan ekar da membobi suke so a share. Sai kun ga waɗannan a takarda sa'an nan ma'aji ya fitar da kuɗi.