Gidan Longfellow: Zagayen Gidan Tarihi da Sauraron Waƙa a Inda Aka Rubuta Ta

A ƙasashen Turai da Amurka an saba mayar da gidajen mashahuran mutane gidajen tarihi, wato a bar ginin da kayan cikinsa kamar yadda masu shi suka bar su, sannan a buɗe wa jama'a ƙofa su shiga su gani. Ba a cika barin baƙo ya yi yawo shi kaɗai a irin waɗannan gidaje ba, sai dai a haɗa maziyarta rukuni-rukuni a bayan wani ma'aikaci da aka horar, wanda ake kira jagora, ya bi da su ɗaki-ɗaki yana bayani. Idan kuwa mai gidan sha'iri ne, akan haɗa zagayen da zaman karatun waƙa, inda ake karanta rubutattun waƙoƙi da murya a gaban masu sauraro. Gidan Longfellow da ke titin Brattle a garin Kambrij na jihar Massachusetts, kusa da birnin Boston, yana cikin wuraren da suka fi nuna amfanin wannan tsari da kuma nauyin da ke wuyan jagora, domin gida ne guda da ya tara tarihin mutane iri-iri waɗanda ba duka aka saba ambata ba.

Wani attajiri mai suna John Vassall ne ya gina gidan a shekarar 1759, kuma dukiyarsa ta fito ne daga gandayen rake na tsibirin Jamaika, waɗanda bayin da aka kwaso daga Afirka suke nomawa. Da rikici ya tsananta tsakanin mazauna Amurka da masarautar Ingila, Vassall, wanda ke goyon bayan sarki, ya tsere da iyalinsa a 1774, sai Janar George Washington ya mayar da gidan hedikwatarsa daga watan Yuli na 1775 zuwa Afrilu na 1776, lokacin da rundunarsa ta yi wa sojojin Ingila ƙawanya a Boston. Sha'iri Henry Wadsworth Longfellow bai shigo gidan ba sai 1837, yana malamin harsuna a jami'ar Harvard, kuma a matsayin ɗan haya ya shigo wajen wata gwauruwa mai suna Elizabeth Craigie. Da ya auri Frances Appleton a 1843, surukinsa Nathan Appleton, mai masaƙun auduga, ya sayi gidan ya ba su kyautar aure, a nan kuma mawallafin ya zauna har rasuwarsa a 1882. Zuriyarsa ta riƙe gidan da littattafansa da kujerunsa har 1972, sa'ad da aka miƙa shi ga hukumar gwamnatin tarayya mai kula da gandun daji da wuraren tarihi, wadda ma'aikatanta ke yi wa baƙi jagora a watannin da babu sanyi.

Ɗakin da ya fi riƙe hankalin maziyarta shi ne ɗakin karatun Longfellow, wanda aka ce Washington ma a cikinsa ya riƙa ganawa da hafsoshinsa. Akwai teburin da yake rubutu a kansa a tsaye kusa da taga, akwai kuma wata kujera da yaran makarantun Kambrij suka haɗa kuɗi aka sassaƙa masa a 1879, ranar da ya cika shekara 72, daga itacen wata bishiya da ya taɓa ambata a waƙarsa ta maƙerin ƙauye. A gidan ne ya rubuta dogayen waƙoƙinsa na labari, irin su Evangeline ta 1847 da Hiawatha ta 1855, waɗanda suka sa ya zama sha'irin da aka fi karantawa a Amurka a zamaninsa. A gidan ne kuma ya ga babbar musibar rayuwarsa, domin a watan Yuli na 1861 wuta ta kama rigar matarsa, ya yi ƙoƙarin kashewa har ya ƙone a fuska da hannuwa, ita kuwa ta rasu washegari. Dogon gemun da aka san shi da shi a hotuna, bayan wannan ƙuna ya bar shi.

Karatun waƙa a wannan gida ba ƙari ba ne da aka ƙirƙiro don jawo baƙi, yana da tushe a tarihin gidan. Bayan rasuwar matarsa Longfellow ya duƙufa kan fassara babbar waƙar Dante, sha'irin Italiya, zuwa Turanci, kuma kowace Laraba da dare abokansa masana, ciki har da James Russell Lowell da Charles Eliot Norton, sukan taru a ɗakin karatun, ya karanta musu abin da ya fassara da murya, su kuma suna bin asalin suna gyara masa, har aikin ya fito a 1867. Wannan yana nuna cewa kunne shi ne ma'aunin da ya riƙa gwada baitinsa da shi. Kari, wato daidaiton nauyin gaɓoɓi a cikin ɗango, da amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen ɗangogi, abubuwa ne da ido kan tsallake a takarda amma kunne ba ya tsallakewa, kuma mai karatun Hausa, wanda ya san rubutacciyar waƙa ba ta cika sai an rera ta, ba ya bukatar dogon bayani a kan haka. Har yanzu a lokacin bazarar can akan shimfiɗa kujeru a filin ciyawar gidan, mawallafa na wannan zamani su karanta nasu baitocin.

Sai dai gini ba ya magana da kansa, abin da jagora ya zaɓa ya faɗa shi baƙo ke tafiya da shi, kuma shekaru da yawa labarin janar da na sha'iri ne kawai aka fi ji. A 'yan shekarun nan ma'aikatan gidan sun ƙara ba da fili ga bayin da dangin Vassall suka bari a baya da suka gudu, musamman Anthony da matarsa Cuba da 'ya'yansu. A 1781 Anthony ya kai kokensa majalisar jihar yana neman hakkin shekarun da suka yi suna bauta, aka yanke masa ɗan fansho na shekara-shekara, ɗansu Darby kuwa ya girma ya shiga sahun baƙaƙen fatar Boston masu fafutukar soke bauta, ya rasu a 1861. Akwai kuma Phillis Wheatley, yarinyar da aka sato daga Afirka ta Yamma aka sayar a Boston a 1761, wadda aka buga littafin waƙoƙinta a Landan a 1773. Ita ce ta aika wa Washington waƙar yabo a 1775, shi kuma, duk da cewa mai bayi ne, ya amsa mata daga Kambrij a watan Fabrairu na 1776 yana gayyatarta hedikwatarsa. Longfellow kansa ya wallafa waƙoƙin adawa da bauta a 1842, alhali gidan da aka ba shi bayan shekara guda da ribar auduga aka saye shi, audugar da bayi ke nomawa a kudancin ƙasar. Zagayen da ya nuna wa baƙo tebur da kujera, ya karanta masa baitoci masu daɗi, amma ya yi shiru kan inda kuɗin ginin ya fito, rabin tarihin gidan kawai ya ba shi.