Kafin Waya Ta Iso Hannunka: Yadda Ake Saita Lokacin Na'urar Gwaji

Mai karatu, wayar da ke aljihunka, ko a Maraɗi ka saye ta ko a Kano, ƙananan ƙwaƙwalen lantarkin da ke cikinta, waɗanda ake kira cip, sai da suka bi ta na'urar gwaji mai sarrafa kanta kafin su bar masana'anta. Teradyne na Amurka da Advantest na Japan ne suka fi suna wajen ƙera irin wannan na'ura. Aikinta shi ne ta aika wa cip saƙon lantarki ta ɗaruruwan ƙafafunsa, ta saurari amsa, ta yanke hukunci: lafiyayye ne ko na bola.

To, ina gizo ke saƙar? Wajen lokaci. A cikin kebul, saƙo yana cin kusan santimita 20 a nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Ma'adanar bayanai ta DDR5 tana aika saƙo sau miliyan 4,800 a daƙiƙa, kowanne rabonsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nanosakan ke nan. Ka ga idan wani kebul ya fi ɗan'uwansa tsawo da santimita 2 kacal, kusan rabin wannan rabon ya tafi.

Yaya injiniyoyi ke yi? Ka taɓa yin kira cikin rijiya ka ji muryarka ta dawo? Haka na'urar ke yi: ta tura saƙo cikin kowane kebul, ya bugi ƙarshensa ya dawo, ta auna lokacin, ta raba biyu. Daga nan sai a ɗan jinkirta masu gaggawa, har duk saƙonnin su isa ƙafafun cip a tare.

Amma saiti ɗaya ba ya isa. Zafi yana sauya saurin sassan na'urar, shi ya sa ake sanyaya manyansu da ruwa, ana kuma maimaita saitin a kai a kai.

Me ya shafe ka? Idan agogon na'urar ba abin dogaro ba ne, dole masana'anta ta tsaurara ma'auni, ta zubar da lafiyayyun cip, kuɗin asarar kuma ya hau kan farashi. In kuwa ta sassauta, mai lahani ya sulale, wata rana wayarka ta riƙa daskarewa, mai gyara ya duba ya rasa dalili.