Kyanwa Da Itacen Kirsimeti A Gidajen Ingila

A ƙasar Ingila, idan watan Disamba ya kama, ɗari ya kankama, rana tana faɗuwa a birnin Landan tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba, sai magidanta su shiga sayen wani itace suna kai shi ɗakunansu na zama. Itacen nan na ƙasashen sanyi ne, ganyensa sirara kamar allura, ba ya kakkaɓewa ko da ƙanƙara ta rufe ƙasa. Su kan tsai da shi a kusurwar ɗaki, su rataya masa ƙwallayen gilashi da ƙananan fitilun lantarki da zare mai ƙyalli, su jera kyaututtukan yara a gindinsa, ya zauna nan har a ci bikin Kirsimeti ran 25 ga wata, a shiga sabuwar shekara. Wanda bai sayi ɗanye ba ya kan sayi na roba, irin wanda a ke naɗewa a ajiye sai baɗi.

Al'adar nan daga Jamus ta zo musu. Abin da ya yaɗa ta kuwa wani zane ne da wata jarida ta Landan ta buga cikin 1848, ya nuna Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat, wanda shi Bajamushe ne, su da 'ya'yansu sun kewaye irin wannan itace a fadar Winsa. Abin da aka ga sarauniya ta yi, ai ba a jima ba talakawa suka ɗauka. A wancan zamani kyandir a ke kunnawa a kan rassan, don haka gobara ba ta da wuya. Sai cikin 1882 wani mutumin Amurka, Edward Johnson, abokin aikin Edison, ya ɗaura wa nasa itacen ƙwayayen lantarki guda 80, daga baya kowa ya koma ga lantarki.

To, amma akwai wata 'yar gida da ba a yi shawara da ita ba, watau kyanwa. A lissafin 2024 kyanwoyin gida a ƙasar nan sun haura miliyan 10, da yawansu kuwa bisa kujerar maigida su ke kwana, kowace da sunanta da likitanta. Kyanwa jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma ko da ya ke ta daɗe tare da mutane, har an tono kabari a tsibirin Kubrus mai shekara kamar 9,500 an sami mutum da kyanwa kwance kusa da juna, duk daɗewar nan ba ta raba ta da halin kakanninta ba. Hawa bisa ta ke so, da faƙo, da kai wa duk abin da ya motsa bara. Sai ga shi ran nan an kawo mata itace har cikin ɗaki, an cika shi da abubuwa masu lilo da walƙiya. Mutanen gida suna ganin ado, ita kuwa gani ta ke an kawo mata daji da tsuntsayensa.

Abin da masu gida suka fi jin tsoro shi ne ta hau itacen ta ka da shi. Wannan ya kan faru ƙwarai, ƙwallaye su farfashe, gilashi ya yanke ta a tafin ƙafa, yara su tashi da safe su tarar da ɓarna. Amma ba wannan ne ya fi tayar wa likitocin dabbobi hankali ba. Hausawa sun ce hakin da ka raina shi kan tsone maka ido, hakin nan kuwa a nan shi ne zaren ƙyallin nan da ba ya ko nauyin gashin kaza.

Turawa suna ce masa tinsal. A birnin Nurambag na Jamus aka fara yin sa da azurfa tsantsa, ana yanka ta siri-siri. Azurfa tana da tsada, ga shi tana yin baƙi, sai aka koma ga darma, har cikin 1972 aka daina yin na darma a Amurka don kada gubarta ta taɓa yara. Na yanzu roba ce. Ba guba a jikinsa, amma ciki ba ya narkar da shi, tsawonsa kuma shi ne mugun abu.

Duk wanda kyanwa ta taɓa lasa ya san harshenta yana da kaushi kamar magagari. Ƙananan ƙayoyi ne suka rufe shi, na irin abin da aka yi farce da shi, dukansu kuwa sun kwanta suna duban maƙogwaro. Da su ta ke taje gashinta, da su ta ke kankare nama daga jikin ƙashi. Amma idan zare ya hau kansu ba ta da ikon tofar da shi. Duk yunƙurin da ta yi na fid da shi ƙara tura shi ciki ta ke yi, har ta haɗiye, ko tana so ko ba ta so.

Wani lokaci zaren ya kan bi ta cikin hanji ya fita tare da kashi, ba wanda ya sani. Inda masifa ta ke shi ne kansa guda ya sarƙe a gindin harshe, ko ya dunƙule a ƙofar tumbi, saura kuwa ya zarce cikin hanji. Hanji bai san an riƙe zaren daga sama ba, aikinsa turawa, sai ya yi ta turawa kamar yadda ya ke yi wa abinci. Da ya ke zaren ba ya motsawa, sai hanjin ne ke hawa kansa yana tattarewa, kamar yadda bakin wando ke tattarewa a jikin zariya idan an ja ta. Zaren ya ɗame, ya shiga yankan hanjin sannu-sannu kamar zarto, har ya huda shi, sau da yawa ba wuri ɗaya ba. Abin da ke cikin hanji ya tsiyaya cikin ciki, ciki ya kamu da ruɓa. Kyanwar da ta kai nan, in ba a yi mata fiɗa da gaggawa ba, mutuwa za ta yi, ko an yi ma ba kowace ke tashi ba.

Alamunsa kuwa ba su da hayaniya. Ta yi amai sau biyu sau uku, ta ƙi abinci, ta lafe a ƙarƙashin gado, in an taɓa cikinta ta yi ƙara. Kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo, ga shi kuma gida ya cika da baƙi ana ta ciye-ciye, sai a ce ai hayaniya ce ta dame ta. Kwana biyun da a kan yi ana wannan zato su ne ke cin ranta. Ko a wurin likita ma abin yana da wuyar ganewa, gama zaren roba ba ya fitowa sosai a hoton ciki. Sai ya ɗaga harshenta ya duba gindinsa, ya lura da yadda iska ta taru gutsi-gutsi cikin hanjin, ko ya duba da na'urar nan mai leƙa ciki da sauti. In ya tabbata, ya kan tsaga hanjin wuri biyu ko uku ya zaro zaren guntu-guntu, inda ya mutu kuwa ya yanke ya haɗa.

Akwai wani kuskure da masu tausayi ke yi. Mutum ya hango bakin zare yana reto a ƙarƙashin wutsiyarta ko a gefen bakinta, sai ya kama ya ja don ya taimake ta. Kada a ja. Wanda ya ja bai san abin da ɗaya kan ya riƙe ba, ja ɗaya na iya tsarge hanjin gaba ɗaya. A bar shi yadda ya ke, a sa ta cikin kwando a tafi. Ƙa'idar aikin likitocin dabbobi a Ingila ta ɗora musu tanadin mai duba larurar gaggawa dare da rana, har ranar biki, sai dai kuɗin ranar nan ba na wasa ba ne.

Ba kuwa tinsal kaɗai ke yin wannan ba. Siririn ƙyallen da a ke ɗaure kyauta da shi haka ya ke, musamman safiyar biki da yara ke yayyage takardu suna watsarwa. Haka igiyar da a ke ɗaure talotalo da ita kafin a gasa, ita ma ta fi muni, don ta sha mai tana ƙamshin nama, kyanwa ta kan tone kwandon shara ta ɗauko ta. Duk gidan da a ke ɗinki ko saƙa ma, a kowace ƙasa, allura da zarenta da aka manta a kan tabarma suna iya yin wannan aiki.

Abu na biyu mai kisa ba a jikin itacen ya ke ba, baƙi ne ke shigowa da shi a hannu. Al'adarsu ce wanda aka gayyata cin abinci ya zo wa uwargida da damin furanni, cikin damin nan kuwa sau da yawa akwai wani babban fure mai ƙamshi da a ke kira lili. Ga mutum ado ne, kare ma in ya ci iyakarsa ɓacin ciki. Ga kyanwa kuwa kowane sashe nasa guba ne, da ganye da fure da garin nan rawaya da ke zuba daga tsakiyarsa, har ruwan kwalbar da aka tsoma shi. Ba sai ta tauna ba, ta goga jikinta kawai garin ya zuba mata, ta zauna ta lashe gashinta, ya isa. Da fari ta kan yi amai, sa'an nan ta yi kamar ta warke, alhali kuwa ƙodarta ce ke mutuwa a ɓoye. Idan an kai ta cikin sa'a 18 aka sa mata ƙarin ruwa kwana biyu ko uku, yawanci ta kan tsira. In an wuce haka fitsari ya ɗauke, dawo da ƙodar ya yi wuya, cikin 'yan kwanaki sai a rasa ta.

Abin mamaki, furen da ya yi ƙaurin suna ba shi ne wannan ba. Akwai wani tsiro mai jan ganye da a ke sayarwa cikin tukwane lokacin biki, asalinsa daga Meziko, an sa masa sunan Joel Poinsett, jakadan Amurka na fari a can, wanda ya aika da shi gida wajen 1828. An daɗe ana yaɗa cewa yana kisa, har cikin 1971 masana a jami'ar Jihar Ohayo suka ɗura wa ɓeraye shi da yawa ba wanda ya mutu. Farin ruwansa ya kan ƙona baki, ya kawo dalalar miyau da ɗan amai, shi ke nan. Kusan kyanwar Lami ne, ba cizo ba yaƙushi. Sai ka tarar da gida an kore shi waje don tsoro, an bar lili a tsakiyar tebur.

Sauran abubuwan ba sai an daɗe a kansu ba. Wayar fitilu in 'yar kyanwa ta tauna ta kan ƙone mata baki, wani lokaci ruwa ya taru mata a huhu. Ruwan da a ke zuba wa gindin ɗanyen itace ya kan yi ɗoyi, wasu kuma suna zuba masa magani, in ta sha ya ɓata mata ciki. Kyandir da wutsiya ba su haɗa wuri. Akwai kuma ƙwallon gilashin nan mai ruwa a ciki, wanda in an girgiza sai ka ga kamar ƙanƙara na zuba, waɗansunsu ruwan da ke hana injin mota daskarewa ne a ciki, abin da bai wuce cokalin shayi guda ba kuwa yana iya kashe kyanwa. Albasa da tafarnuwa da ke cikin romo suna farfasa mata ƙwayoyin jini, cakulan ma ba abincinta ba ne. Sa'an nan kada wanda ya ga ta langaɓe ya ba ta maganin mutane. Hantarta ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya ta manya ta isa ta hallaka ta.

Masu kyanwa da yawa sun gwada horo, da tsawa, da fesa mata ruwa, har da duka. Abin da ta ke koya daga nan ɗaya ne, kada ta hau sai an yi barci. Waɗanda suka daɗe da ita sun bar wannan, sun koma gyara ɗakin. Su kan ba itacen gindi mai nauyi, su ɗaure ƙoƙuwarsa da bango da zaren fatsa, can sama inda ba ta kaiwa, su janye kujera da tebur don kada ta sami wurin tashi. Su kan bar shi kwana biyu ko uku ba ado, har ta gama shinshinawa ya ishe ta. Abin fashewa ya hau can sama, rassan ƙasa a sa musu na katako ko na tsumma, kowanne a ɗaure shi tamau. A rufe bakin ruwan gindi, a sa wayoyi cikin bututu, a kashe fitilu in za a fita ko za a kwanta. Wasu na zuba ɓawon lemo a gindi don ba ta son warinsa, amma wata kyanwar ta kan tsallake shi ta wuce abinta. Tinsal da lili kuwa ba su da dabara, gidan da ke da kyanwa ba ya shigar da su. Inda ɗakin ke da ƙofa, a ja ta da dare, a ajiye wa kyanwar abinci da ruwa da kaskon yashinta a wani ɗaki inda hayaniyar baƙi ba ta kaiwa.

Bisa al'adarsu ran 5 ko 6 ga Janairu a ke sauke ado a fid da itacen. Ran nan ma akwai aiki, gama lokacin da a ke kwance kaya ne gutsattsarin zare da ƙananan ƙugiyoyin waya ke zuba, iska ta kora su ƙarƙashin kujera da bayan kabad, inda tsintsiya ba ta shiga amma hannun kyanwa na shiga. Sai an ɗaga kujerun an share, an ƙulle bakin buhun sharar an fitar da shi waje, kafin a buɗe mata ƙofa.