Burodin Tukunya: Wata Mafita Ga Magidantan Arewa Mazauna Kurmi

Duk mutumin Arewa da ya zauna a Ikko ko Badun ko Anacha ya san cewa karin kumallon kurmi ba irin na gida ba ne. A gida koko da ƙosai ne, ko kuwa ɗumamen tuwo. A nan kuwa, inda magidanci ke sammako tun kafin gari ya waye don gudun cunkoson motoci, burodi ne ya zama sarki. Yara su tafi makaranta da shi, mai gadi ya kwana da shi, mai shayi kuwa in babu shi sai ya naɗe teburinsa. To, wannan burodin ne yanzu yake neman ya gagari talaka. Kuɗinsa na hawa, jikinsa na raguwa, har in mutum ya matse na ƙaramin kuɗi a tafin hannu sai ya koma loma guda.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta, da dala kuma ake biya. Yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashinta a 2022, har masu gidajen burodi suka yi yajin aiki na 'yan kwanaki a watan Yuli na shekarar. Sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, daga baya kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kafin tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100.

Dattawan Agege da Idi-Araba da Sabon Badun za su ce ai sun taɓa ganin irin wannan. Sun ga tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari a 1982, sun bi layin madara da sukari da sabulu a 1984. Mafi tsanani ga burodi shi ne watan Janairu 1987, lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama ɗungum. Manufar ita ce a tilasta wa ƙasa ta noma abinta, aka kuwa ba da ƙarfi ga noman rani a Kadawa da kwarin Haɗeja da sauran wurare. Amma alkama shukar sanyi ce, sai da hunturu take yi, kuma abin da aka girbe bai kai ko kusa da bukata ba. Masana'antun fulawa suka rage aiki, 'yan fasa-ƙwauri suka buɗe hanyar Kwatano, ƙananan gidajen burodi da yawa suka rufe. A ƙarshen 1992 aka ɗage dokar. Daga baya gwamnatin Obasanjo da ta Jonathan kowace ta gwada sa masu burodi su riƙa haɗawa da garin rogo, abin bai zauna da gindinsa ba.

Abin mamaki shi ne a ce Bahaushe ne yake jiran gidan burodi ya ciyar da shi alkama. Tun kafin a kafa injin fulawa na Apapa a farkon shekarun 1960, ana noman alkama da jigo a ƙasar Kano da Barno, ana yin alkaki da funkaso da taliya da alkubus. Gurasar Kano, wadda ake mannawa a jikin tanderu, ita ma burodi ce, sai dai a faɗaɗe take. Watau sanin yadda ake kwaɓa alkama a bar ta ta tashi yana hannun iyayenmu mata tun tuni. Abin da ya rage wa uwargidan da ke zaune a ɗaki ɗaya a Mushin shi ne wurin gashi, kuma tukunya ta isa.

Ga yadda ake yi. A sami fulawa rabin kilo, kimanin cikin gwangwanin madara 6 ke nan, a tankaɗe. A zuba yis ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1, sukari babban cokali 2, man gyaɗa babban cokali 2. Ruwa cikin gwangwanin madara 2, mai ɗumi kaɗan, irin wanda za a iya yi wa jariri wanka da shi, domin ruwan zafi kashe yis yake yi. A kwaɓa, sa'an nan a juye kan faranti ko tebur mai tsabta a yi ta murzawa da ƙarfi har minti 10. Nan ne mata da yawa suke gajiya su bari, alhali kuwa murzar nan ita ke fito da danƙon alkama, shi kuma danƙon shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa. Kwaɓin da ba a murza ba, dutse za a sauke. In ya yi santsi ya daina kama hannu, a rufe shi da tsumma mai laima a ajiye wuri mai ɗumi. Da zafin kurmi awa 1 ta isa ya ninka. A danne shi iskar ta fita, a raba a gwangwanayen da aka shafa wa mai, kada a cika su fiye da rabi, a sake bari ya tashi kamar minti 30.

Kafin nan an zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, kaurin yatsa biyu, an rufe, an ɗora a wuta ta yi zafi kamar minti 15. A jera gwangwanayen bisa yashin, ko bisa ƙananan duwatsu, a rufe da murfin da ya zauna sosai, a rage wuta. In da gawayi ake yi, a ɗora 'yan garwashi bisa murfin don saman ya yi ja. Kada a riƙa buɗawa ana leƙe. Bayan minti 30 zuwa 40 a ciro guda a ƙwanƙwasa gindinsa. In ya yi amo kamar ganga, ya gasu.

Mai son fulawarsa ta yi auki yana iya surkawa da garin masara ko na dawa ko na rogo, amma fa da awo. Waɗannan ba su da danƙon alkama. Gwangwani 1 cikin 10 ba mai ganewa, 1 cikin 5 burodin zai yi nauyi amma zai ciwu, in aka wuce haka sai ya riƙa marmashewa. Garin rogon kuma ya zama fari mai kyau wanda ya bushe sarai, domin alabo mai tsami yakan canja ɗanɗano.

Sai dai a yi lissafi tukuna, don ba kowa abin zai yi wa riba ba. Gwauron da ke kwana a shago, in ya sayi fulawa gwangwani-gwangwani ya kuma hura gawayi don burodi ɗaya, hasara ya yi, gara ya je wurin mai shayi. Shi ma mai shayin masu cinikinsa sun saba da burodin Agege mai laushi da jawuwa, wanda tukunya ba za ta ba shi ba. Ribar tana ga gida mai yara biyar ko shida, musamman in gidaje uku ko huɗu suka haɗa kuɗi, kamar yadda ake adashi, suka sayi buhu mai kilo 50 suka raba. Wuta ɗaya kuma ta gasa na kwana biyu. Akwai wata ribar da ba ta kuɗi ba: uwargida ta san abin da ta zuba. Hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta sinadarin nan na bromet da wasu ke sa wa burodi don ya kumbura, amma mai saye a bakin titi ba shi da hanyar ganewa.

Wuta tana cin kuɗin girki sosai a kurmi, inda babu kara babu itacen daji, kananzir da gas kuwa sun yi tsada. Wake in aka jiƙa shi tun dare, lokacin dahuwarsa na raguwa ƙwarai. Shinkafa in ta tafasa minti kaɗan, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a cusa cikin kwando, za ta ƙarasa nuna da zafinta. Garwashin da ya rage bayan an sauke tuwon dare shi ya kamata a ɗora wa tukunyar burodi. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da direbobin manyan motoci ke saukowa da su daga gida sun fi miyar tumatir sauƙi nesa ba kusa ba. Tumatirin da ya fashe, wanda ake karyarwa da yamma a kasuwar Mile 12, ba laifi in a ranar za a dafa, amma wanda ya yi furfura a zubar da shi, kuɗin asibiti ya fi nasa.

Gargaɗi guda ya zama tilas. Kada a kuskura a shigar da kurfoti cikin ɗaki a rufe ƙofa don gudun ruwan sama ko idon maƙwabta. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari wadda ke sa barci, mutum ya wuce daga nan. A yi gashi a tsakar gida ko a baranda.

Wadda ba ta da yashi ko babbar tukunya, sai ta sassauta kwaɓin da ƙarin ruwa, ta rage sukari, ta zuba a gwangwanaye ta turara kamar alala. Alkubus ke nan, a ci da miyar taushe ko ta ganye, ya kuma tsaya a matsayin abincin dare. Burodin gida ba ya wuce kwana biyu bai bushe ba, tun da ba a sa masa maganin ajiya. Wanda ya kwana biyu sai a yanka, a yayyafa ruwa kaɗan, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji da albasa da ɗan man gyaɗa, kamar yadda ake yi wa gurasa bandashe a Kano.